Ƙamshin Da Ba Ya Sallama



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata ƙara ce da aka kawo zauren dattijonmu a bazarar da ta wuce, wadda ni na shigar da ita littafi kamar yadda aikina yake. Ba zan ambaci suna ko gida ba, domin an kashe maganar, zumunci kuma ya koma yadda yake. Wani magidanci ne ya zo da kukan cewa mahaifiyarsa ta ƙi amaryarsa. Hujjarsa ita ce, wata huɗu da tarewa tsohuwar ba ta taɓa zama a ɗakin yarinyar ba. In ta zo, daga bakin ƙofa take tsayawa su gaisa ta juya. In amarya ta wanke mata zane ta kawo da ladabi, sai ta ba jikoki su sake ɗauraye shi su shanya a rana. Dangin amarya suka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, har aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin yaji.

Da aka kira tsohuwar, sai da ta daɗe kanta a sunkuye kafin ta ce: "Ranka ya daɗe, ni ban ƙi yarinyar nan ba, ɗakinta ne ya ƙi ni. In na shiga ƙirjina toshewa yake yi, in kwana a zaune ina tari." Ashe ta daɗe tana fama da ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma. Da dattijo ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta faɗa ba tun farko, sai ta ce: "Yaya zan dubi 'yar mutane in ce ɗakinta na cutar da ni, alhali ƙamshi yake yi?"

Aka tura mata biyu su dubo ɗakin. Suka dawo suka lissafa abin da suka tarar: labule da zannuwan gado an wanke su da garin sabulu mai ƙamshi, an kuma jiƙa su a ruwan nan na kwalba mai sa tufa laushi, ana goge daɓe da wani ruwan mai nasa ƙamshin, ga gwangwanin feshin ɗaki, ga wani abu da aka rataya a jikin fanka, ga ƙwallayen kafur a cikin akwatuna, sannan ga turaren wuta da humra da uwarta ta haɗo mata. Duk wannan a ɗaki mai taga ɗaya da rufin kwano, a watan Afrilu, lokacin da zafin Injamena ke haura digiri 40. Yarinyar ba ta yi haka da mugun nufi ba. Abin da aka koya mata ke nan cewa shi ne tsafta, shi ne kuma iya riƙon miji.

Tun daga ranar nake ta juya wannan magana a raina, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: ƙamshin kanti da ya mamaye tufafinmu da kayan gidajenmu ya wuce kima, ya fara zama cutarwa ga wasu daga cikinmu, yana kuma neman kashe wani ilimi da iyayenmu mata suka gada. Ina so in bayyana dalilaina, in kuma faɗi abin da masu saɓa mini za su iya cewa, domin su ma suna da tasu hujjar.

Da farko, kada wani ya ɗauka ni maƙiyin turare ne. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe, ya yi karatun allo, ya kuma zauna a ƙasar Chadi, ba zai ƙi turare ba. Kakanninmu da yawa sun iso nan ne a hanyarsu ta zuwa Makka a ƙasa, tun garin yana Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Wasu suka wuce ta Abeshe zuwa Sudan, wasu Allah Ya tsayar da su a bakin Kogin Shari suka yi aure suka hayayyafa. Sun zo da abin da suka sani na ƙamshi daga Kano da Katsina da Damagaram: kajiji, jema, kanumfari, jawul, ƙaron ararraɓi, da jibda. A nan suka tarar da na Barebari da Larabawan Shuwa da mutanen Wadai: humra, sandal, hawi, gabgab, dorot, halut, da hayaƙin dukhan da ake yi wa amare. Matanmu suka koya, suka haɗa nasu da na maƙwabta, har ta kai yau in an ce turaren Chadi a Kano ko Maiduguri, kowa ya san abu ne mai daraja. Ilimin kuma tsoho ne a duniyar Musulmi. Tun a ƙarni na 9 Alkindi, masanin nan na Bagadaza, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsar shi, mai ɗauke da haɗe-haɗe fiye da 100.

Amma ku dubi yadda iyayenmu suke amfani da shi. Turarensu yana da lokaci, yana da wuri, yana da ma'auni. Ana ɗora kasko bayan an share ɗaki an yayyafa ruwa, ana buɗe ƙofa hayaƙi ya fita, ƙamshi ya saura. Ana kifa kabbasa a turara rigar Juma'a ko ta Idi, ba kowace riga ba. Humra ta ɗakin miji ce, ba a fita da ita kasuwa. Kayan jariri kuwa sabulu da ruwa da rana ne kawai. Mace takan san abin da ta zuba a haɗinta ɗaya bayan ɗaya, in wani abu bai karɓi maigida ko surukarta ba, ta cire shi a haɗi na gaba. Sannan ƙamshin yana da ƙarshe: ya zo, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya tafi. Baƙo ne mai ladabi, ya yi sallama, ya zauna inda aka nuna masa, ya yi bankwana.

Na kanti ba haka yake ba. Ba ka gayyace shi ba, a cikin sabulu ya zo, a cikin omo, a cikin man shafawa, a cikin ruwan wanke kwanuka, a cikin maganin sauro, a cikin ƙunzugun jarirai na zamani, har a cikin takardar goge hanci. Sabuwar shadda ma da nata take fitowa daga masana'anta. Ka shiga motar haya daga Farcha zuwa babbar kasuwa da rana tsaka, mutum goma sha a matse, kowa da irin abin da aka wanke masa riga da shi, kowa da abin da ya fesa a kai, ga direba ya rataya nasa a madubi. Wanda ke da lafiya ya sauka da ciwon kai, balle mai laulayi ko mai fuka.

Yana da kyau mu san daga ina wannan abu ya fito. Har tsakiyar ƙarni na 19, duk turaren duniya daga itace da fure da ƙaro da dabba ake samun sa, shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma ake tattalin sa. A 1868 wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa sinadarin kumarin, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, a ɗakin gwaje-gwaje. A 1874 wasu Jamusawa biyu suka haɗa ƙamshin banila. A 1888 wani Bajamushe, Albert Baur, yana binciken abubuwan fashewa sai ya ci karo da sinadari mai ƙamshin miski. Daga nan ƙofa ta buɗe. A shekarun 1960 aka samar da wasu miskin na masana'anta masu arha waɗanda ruwa da sabulu ba sa wanke su da sauƙi, kamfanonin sabulu kuwa suka rungume su, domin abin da suke nema ke nan: ƙamshin da zai tsira daga wanki ya maƙale a zare. A 'yan shekarun nan an ƙara wata dabara. Ana ƙunshe turaren a cikin 'yan ƙwanso ƙanana da ido ba ya gani, su liƙe a jikin tufa, duk lokacin da ka motsa ko ka goga wasu su fashe su saki ƙamshi. Shi ya sa za ka ajiye riga mako uku a akwati, ka ɗauko ta kamar yanzu aka fesa mata. An gina shi ne don kada ya tafi.

Adalci ya sa in faɗi cewa haɗin masana'anta ba sharri ba ne a kan kansa. Shi ya rage farautar barewar miski da wahalar da tunkun jibda, shi ya kai turare hannun talaka. Bintu Sudan da kakanninmu mata suke ji da shi, wanda wani kamfanin Ingila ya fitar a 1920 kuma ake yin sa a Kano, ai daga masana'anta ya fito, kuma da shi ake haɗa humra a gidaje da yawa. Haka nan abin da ya fito daga itace ma yana iya sa wa mutum ƙaiƙayi, hayaƙin turaren wuta kuma in an rufe ɗaki da shi yana cutar da huhu kamar kowane hayaƙi. Don haka ba ina cewa na da duk alheri ne, na yanzu duk guba ba. Abin da nake kuka da shi abu uku ne: yawansa, daɗewarsa, da kuma rashin zaɓi.

Me ya sa yake ta ƙaruwa, alhali babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a ƙara? Amsar tana cikin halittar hanci. Masana biyu, Linda Buck da Richard Axel, sun sami kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda hanci ke rarrabe wari da ƙamshi. Ɗan Adam yana da masu karɓar ƙamshi kusan iri 400 a can cikin hancinsa. Amma Allah Ya yi hancin da saurin sabo. In ƙamshi ɗaya ya daɗe a tare da kai, cikin ɗan lokaci sai ka daina jin sa. Mu mutanen Farcha mun fi kowa sanin wannan, domin babbar mayankar da ke unguwarmu tun kafin 'yancin kai na 1960 take, baƙo kan ji ta in iska ta juyo, mu kuwa mun manta da ita. To, haka mai turare yake. Ya fesa sau biyu, bayan rabin sa'a bai ji komai ba, sai ya ce turaren ba shi da ƙarfi, gobe ya fesa sau biyar. Matarsa ta ga omo murfi ɗaya bai "kama" ba, ta zuba biyu. Mai kamfani ya ga wanda ya fi ƙarfi shi ya fi fita, ya ƙara ƙarfin. Kowa na ƙarawa saboda ya daina ji, wanda ke gefe kuwa shi ke shaƙar duka. Ga zafin ƙasarmu yana ƙara tayar da sinadaran daga tufa zuwa iska, abin da aka auna don ƙasashen sanyi sai ya ninka a nan.

Ba mu kaɗai ne muka fara kokawa ba. Wata malamar jami'a, Anne Steinemann, ta yi bincike a Amurka da Ostireliya da Birtaniya da Suwidin, ta wallafa a 2019, inda kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tambaya suka ce kayan da aka sa wa ƙamshi na jawo musu matsala, kamar ciwon ɓarin kai, ko toshewar numfashi, ko ƙaiƙayin fata. Abin da mutane suka faɗa da bakinsu ne, ba gwajin asibiti ba, amma adadin ya isa a tsaya a duba. Tarayyar Turai ta daɗe da wajabta rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 da aka san suna tayar da borin jiki a jikin kwalba, a 2023 kuma ta faɗaɗa jerin ya haura 80. A watan Maris na 2022 ta hana sa wani sinadari mai suna Lilial a kayan shafa, saboda fargabar illarsa ga haihuwa, bayan an shafe shekaru ana zuba shi a sabulai da mayuka. A Japan, hukumomin gwamnati biyar sun haɗu a 2021 sun fitar da sanarwa suna roƙon jama'a su tuna cewa ƙamshin wankinsu na iya takura wa na kusa da su. A birnin Halifax na Kanada, tun shekarun 1990 asibitoci da makarantu suke roƙon masu shiga su bar turare a gida. Waɗannan ƙasashe ne masu hukumomin da ke auna abin da ke cikin kwalba. Mu kuwa kaya na shigo mana ta gadar Ngeli daga Kusiri, daga Najeriya, daga Dubai, daga Sin, wasu an juye su daga jarka zuwa kwalbar da ba ta da ko rubutu, wasu rubutun da harshen da ba mai karantawa a gidan. Ko mai karatun Faransanci, kalma ɗaya zai gani, "parfum", alhali a ƙarƙashinta akwai sinadarai gommai da ba a lissafa ba.

Akwai abu guda da nake roƙon iyaye mata su riƙe ko da sun watsar da sauran maganata, shi ne batun ƙwallayen kafur. Kafur na asali daga itace yake, shi ne wanda aka sani a wankan gawa. Fararen ƙwallayen da ake sayarwa a leda don korar kyankyaso da asu, yawancinsu wani sinadari ne daban mai suna naftalin, wanda ake samu daga kwalta da man fetur. Akwai wani rauni na jini da ake gado, likitoci na kiran sa G6PD, yana da yawa a tsakanin baƙar fatar Afirka, musamman 'ya'ya maza. Jaririn da ke da shi, in aka sa masa kayan da suka kwana da waɗannan ƙwallaye, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, idonsa da jikinsa su yi rawaya, in ba a yi gaggawar kai shi asibiti ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan haka, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da irin waɗannan ƙwallaye tun 2008. Mu kuwa da su muke adana kayan suna wata da watanni, ranar suna a ciro a sa wa jinjiri ɗan kwana bakwai. Rigakafi ya fi magani: a wanke kayan, a shanya su a rana, a raba akwatin jariri da kafur.

Sai kuma abin da ya shafi ciki. Ƙananan shagunan unguwa ɗaki ɗaya ne, sabulu da omo a kanta ɗaya da sukari da fulawa da ganyen shayi da madarar gari. Waɗannan kuwa masu jan ƙamshi ne. Sau nawa ka sayo burodi ka ji ɗanɗanon sabulu a ciki? Sau nawa aka miƙo maka shayi a majalisa, shayin da mu a Chadi ba ma wasa da shi, ka kurɓa ka ji lemon kwalba saboda ruwan da aka wanke kofin da shi? Robar da aka wanke da irin wannan ruwa ba ta sakin sa, in ka zuba fura ko kunu a ciki sai sun ɗauka. Wannan ba cuta ce babba ba, amma asarar ni'ima ce, kuma alama ce ta cewa abin ya shiga inda ba a kira shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka fara rikita ƙamshi da tsafta. Tsafta ita ce gusar da ƙazanta, tsaftataccen abu kuwa sau da yawa ba ya ƙamshin komai. Rigar da aka wanke da sabulun Kotoncadi na Mundu ko sabulun salo, aka ɗauraye ta sosai, rana ta busar da ita, ta fi tsafta a kan wadda aka tsoma sau ɗaya a ruwa kaɗan aka rufe dattinta da turare. Hanci kuma mai gadi ne da Allah Ya ba mu. Da shi uwa ke gane ɗanta ya ɓata wando ko ba shi da lafiya, da shi ake gane nama ya fara juyawa, da shi ake jin wayar lantarki na ƙonewa. Tun da aka hana gawayi a ƙarshen 2008, gidajen Injamena da yawa suka koma tulun gas. Gas ɗin nan asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani abu mai ɗoyi domin in yana tsiyaya a ji. Gidan da aka cika da feshi dare da rana, an sa wa mai gadinsa barci.

Game da addini, ni ba mai fatawa ba ne, magatakarda ne, amma abin da muka karanta a gaban malamanmu a fili yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son turare, kuma sa shi ranar Juma'a abin so ne. Shi ne kuma ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, kuma dalilin da malamai suka bayar shi ne cutar da masu salla. Ƙa'idar gusar da cuta tana cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu. To, in dattijo mai fuka ya bar sahun farko ya koma waje cikin rana saboda rigar na kusa da shi, ina ganin ya kamata mai rigar ya tambayi kansa ko sunnar ya raya ko kuwa haƙƙin ɗan'uwansa ya taka. Shari'a ma ta san akwai lokacin barin turare: mai harami da Hajji ko Umra ba ya sa shi, mai takaba ma haka. Ku tambayi maniyyatanmu wahalar da suke sha kafin su sami sabulun da ba shi da ƙamshi, ku tambayi matar da ke takaba da me za ta yi wanka da wanki. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai abin da nake nunawa shi ne kasuwa ta ƙwace mana zaɓin da a da yake hannunmu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce: Malam, garin nan zafi gare shi, gumi ake yi, ruwa da wuta ba kullum ba, in ba a sa ƙamshi mai ƙarfi ba ai ba a zauna da juna ba. Gaskiya ne akwai zafi, amma gumi da turare in sun haɗu ba ɗaya ke korar ɗaya ba, wani abu na uku suke haifarwa wanda ya fi kowannensu muni, duk wanda ya shiga motar haya da la'asar shaida ne. Za a ce sandal da humra ta ƙwarai sai mai hali, talaka kuwa da kuɗi kaɗan zai sayi leda ɗaya ta omo ya ji shi ma ya shiga sahun mutane. Wannan hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Sai dai abin da nake kira a yi ba ya cin kuɗi, ragewa ne: rabin abin da ake zubawa, ƙarin ɗauraya ɗaya, da barin kwalabe biyu ko uku da ba a bukata. Kajiji da kanumfari kuwa ba su taɓa fin ƙarfin talaka ba. Za a kuma ce 'yan'uwanmu ne ke sayar da waɗannan kaya, da su suke ci da iyali. Haka ne, kuma ɗan kasuwa abin da ake nema yake kawowa. Ranar da mutum goma suka tambaye shi sabulu marar ƙamshi, zai sa a kawo masa daga Kusiri kafin mako ya zagayo.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, a matsayinmu na 'yan tsiraru a wannan birni. 'Ya'yanmu suna tashi da Larabcin Chadi a titi da Faransanci a makaranta, Hausa sai a tsakar gida, wani gidan ma ta fara ƙaranci. Abin da ke riƙe al'umma irin tamu ba harshe kaɗai ba ne, har da ƙananan abubuwa: tuwo da miyar kuka, gaisuwa da durƙuso, da ƙamshin ɗakin kaka. Kowannenmu da ya haura hamsin, in ya ji kajiji a kan garwashi sai ya tuna wata tsohuwa da ta rene shi. Yaron da ya tashi yau, ɗakin uwarsa ƙamshinsa ɗaya da na otal, ɗaya da na shagon waya, ɗaya da na kowane gida daga Duwala zuwa Dubai. Me zai tuna? Tsofaffin da suka iya jiƙa halut, suka san yadda ake soya itace da sukari ba tare da ya ƙone ba, suka san watannin da humra ke yi kafin ta nuna, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata kuma ba su zauna sun koya ba, domin kwalba ta fi sauƙi. Sana'a ce da ta aurar da 'ya'ya, ta kai wasu mata Makka. In ta mutu, mun yi asarar ilimi da abin dogaro a lokaci guda.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gida, a zaɓi ƙamshi ɗaya a bar sauran. In za a turara ɗaki, ba sai an fesa ba, kuma a buɗe taga, a fitar da jariri da mai tari har hayaƙin ya lafa. Kayan jarirai da na tsofaffi da na marasa lafiya a wanke su da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sau biyu. Mai zuwa dubiya asibiti ko barka ya tafi da tsaftarsa kawai. Masu wanki da guga su riƙa tambayar mai kaya kafin su zuba wani abu. Masu shago su raba kantar sabulu da ta abinci, ko da da labulen buhu ne. Masu haɗa lefe da kayan ɗaki su rage kwalaben feshi, su ba wata tsohuwa a unguwa kuɗin ta haɗa wa amarya turare, ta kuma zaunar da ita ta koya mata ma'auninsa. Mu maza kuma, da muke saurin ɗora wa mata komai, mu tuna mu ne ke tsayawa a ƙofar masallaci mu yi wa babbar riga wanka da turare. Laifi tudu ne. Wanda kuma ƙamshi ke cutar da shi ya daure ya faɗa cikin lalama, kada kunya ta sa ya yi shiru har a fassara shirunsa da ƙiyayya. In an faɗa mana, mu karɓa, kada mu ce iyayi ne ko tsurfa. Abincin wani gubar wani.

Ita dai waccan ƙara, dattijonmu bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya sa aka kira amaryar, ya ce mata: "'Yata, ba ki yi laifi ba, ƙoƙari kika yi har ya yi yawa. Ki bar na uwarki, ki fitar da na kanti." Aka wanke labule da ruwa zalla, aka kwashe kafur, aka buɗe taga kwana uku. Bayan mako biyu magidancin ya dawo zaure ya ce mahaifiyarsa ta wuni a ɗakin, har ta yi barcin rana a kan gadon surukarta. Na buɗe littafi na rubuta a gaban ƙarar cewa an sasanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya sa mu zama masu kiyaye haƙƙin juna a gida da masallaci da kasuwa. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini, ina maraba.